Yajin Tafi a Benen Sama

Duk wanda ya saba zuwa tsohon gidan rawar bale, rawar Turawa da ake yi kan yatsun ƙafa, da ke bakin ruwa a Kopenhagen ya san Bodil Thygesen, in bai san sunanta ba ya san muryarta. Tun tana budurwa take hawa benen ƙarshe, can kusa da rufi, inda tikiti ya fi araha, kujeru suka fi tauri, kuma inda a cewarta masu ido suke zama. Ta yi aure tana hawa, ta haifi 'ya'ya biyu tana hawa, ta binne mijinta ta dawo ta ci gaba. Da ta ajiye aikinta na haɗa magunguna a kantin unguwarsu sai ya zama ba ta da wata sana'a illa wannan. Likita ya gaya mata gwiwarta ba ta son matakala, ta ce masa ba gwiwar ce ta sayi tikitin ba.

'Yan benen sama ba su da yawa, amma su a ganinsu gidan nasu ne. Na ƙasa masu kujerun karan-miski suna zuwa ne don a gan su, na sama kuwa don su gani. Sun san wace 'yar rawa ce ta ƙara ƙiba a hutun bazara, wace ce ƙafarta ta hagu ke mata gardama, wane saurayi ne ke ɗaga abokiyar rawarsa kamar mai dakon buhun dankali. Babu ɗayansu da ya taɓa tsayawa kan yatsun ƙafa ko da na ƙiftawar ido, amma hakan bai taɓa hana su yanke hukunci ba.

Kujerar da ke hannun damanta ta Ejvind Kragelund ce, tsohon malamin labarin ƙasa, dogo mai gemu, mai yawan gyaran murya. Shekara da shekaru suna zama kafaɗa da kafaɗa, ba a taɓa jin bakinsu ya zo ɗaya ba. Lokacin hutun tsakiyar wasa ita ke fito da baƙin burodi da cuku, shi ya fito da gahawa a filas, su raɓe a lungun matakala suna ci suna musu.

Musun da ya fi daɗewa tsakaninsu a kan mata biyu ne. Ejvind mutumin Mikkeline Due ne, babbar tauraruwar gidan, wadda ke juyi kamar mazari ba ta taɓa kuskure ba. Bodil ta ce ai agogon bango ma ba ya kuskure, amma ba ta taɓa jin wanda ya yi kuka don ya kalle shi ba. Ita zuciyarta tana wurin Solvej Brask. Ta fara hango ta ne tana ƙaramar yarinya a layin baya, cikin 'yan matan da aikinsu shi ne su tsaya su yi kama da juna. Yarinyar ta ɗaga hannu ɗaya a hankali ta sauke, Bodil ta ji tsigar jikinta ta tashi. Tun daga ranar ta ɗauke ta kamar 'yar cikinta, ko da yake ba su taɓa gaisawa ba.

Solvej ta yi gaba har ta kai sahu na biyu, nan ta tsaya cak. Kullum ita ce ƙawar amarya, ita ce yayar wata, ita ce mai fitowa ta yi gajeriyar rawa ta koma bayan labule. Babban wasan gidan kuwa, wanda kakanni suka gani suka kawo jikoki, shi ne Gwauruwar Tsibiri, labarin matar da teku ta cinye mijinta take rawa da inuwarsa a bakin gaɓa. Duk 'yar rawar da ba a ba ta gwauruwa ba, a wurin 'yan sama ba ta cika ba. Kowace shekara sai a ba Mikkeline.

Bodil ta san mai laifin. Aksel Ravnholt ne, daraktan gidan, wani gajere mai sanƙo da ɗan gyale a wuya. A bakinta ba shi da ido, ba shi da kunne, kuma da zai gamu da gwaninta a kan hanya da ba zai gane ta ba ko ta taka masa ƙafa. Don haka ta ɗauki alhakin nuna masa. Da zarar Solvej ta gama 'yar rawarta sai benen sama ya kaure da tafi da buga ƙafa, har sai jagoran makaɗa ya sauke sandarsa ya jira su. In Mikkeline ta fito kuwa sai tari ya kama rabin benen. Bodil kan sayo furanni ta jefa, sai dai daga wannan tsawo ba su taɓa kaiwa dandamali ba. Wani lokaci su sauka kan gashin wata matar attajiri, sau ɗaya ma suka faɗa cikin bakin babban ƙahon wani makaɗi.

Ana nan har Solvej ta doshi arba'in, shekarun da 'yan rawa ke ajiye takalmi. Kowa ya ce bana dai ko don sallama za a ba ta. Da aka sanar, sai ga Mikkeline kamar kullum, mai canjinta kuma wata yarinya da ba ta daɗe da fitowa daga makaranta ba.

A lungun matakala Bodil ta tara mutanenta. Ta ce ihu sun yi, buga ƙafa sun yi, duk a banza, saboda haka yanzu za su yi abin da ba a taɓa yi ba: za su shiga yajin tafi. Ejvind ma ya shiga, ba don Solvej ba, sai don Ravnholt ya sa an sake fentin tekun da ke bayan dandamali ya koma ruwan toka, alhali tun yana yaro shuɗi ya san shi.

Ranar farko da labule ya sauka, benen sama gaba ɗaya ya harɗe hannu a ƙirji. Nan aka gano abin da ba wanda ya taɓa lura da shi. Ashe na ƙasa ba su san lokacin tafi ba, na sama suke jira su fara. Wasu suka tafa a tsakiyar rawa, wasu suka fara suka ga ba a bi su ba suka daina cikin kunya, 'yan rawa suka rusuna ga wani tafi kamar yayyafin ƙarshen damina. Kafin wata ya ƙare jarida ta buga hoton Bodil da hannu a harɗe, fuska murtuk. Gidan rediyo ya kira ta, ta yi magana har sai da mai shirin ya sa kiɗa a kanta. Wata Lahadi Ravnholt ya fito gaban labule zai yi bayani, suka yi masa ihu har ya koma bai kai ƙarshen jimlarsa ta farko ba.

Da sanyi ya wuce Ravnholt ya ajiye aiki. An ce ya saɓa ne da hukumar gidan kan wasu al'amura, kuma likita ya ce ya huta. 'Yan sama suka yi dariyar wannan bayani, don sun san waɗanda suka kore shi.

Bodil tana feraye dankali a kicin ta ji a rediyo cewa an naɗa sabuwar darakta, 'yar gida, Solvej Brask. Ta ajiye wuƙar, ta zauna, ta yi hawaye. Sannan ta kira Ejvind don ya ji daga bakinta. Ranar Lahadi ta zo da kek mai kirfa ta raba wa duk benen, har da masu tsaron ƙofa.

Sabuwar shekarar wasa ta buɗe da wani wasa da ba a kira masa makaɗa ba sam. 'Yan rawa suka fito ba takalmi, cikin kaya kamar na masu gyaran famfo, suna birgima a ƙasa, lasifika na wata ƙara kamar injin wanki ya haɗiye cokali. Da aka kunna fitilu Ejvind ya juyo yana shafa gemu.

"To Bodil, wannan ne muka yi wa yaji?"

"Kai dai ba ka son sabon abu. Shara take yi, sai ta share ƙurar wancan mutumin tukuna."

"Na ga kuwa da bayan yaran mutane take sharar."

Ta ce a ba yarinya lokaci. Haka ta riƙa faɗa wata bayan wata. Aka sanar cewa Mikkeline Due ce mataimakiyar darakta, Bodil ta ce wannan dabara ce ta cire ta daga dandamali. Aka rage farashin kujerun sama ga ɗalibai, benen ya cika da samari da 'yan mata masu tafa wa komai, ta ce ai gida ba ya rayuwa sai da yara. Sai da aka ce Gwauruwar Tsibiri za ta huta na wasu shekaru sannan abin ya dame ta. Ta yi ta juya maganar a ranta har ta samo mata ma'ana: Solvej kunya take ji. Ba za ta iya ba wa kanta gwauruwa ba, kada a ce ta yi son kai, kuma ba za ta iya kallon wata tana yi ba. Abin da take bukata shi ne wani ya roƙe ta a gaban jama'a.

Dama ta samu wata Lahadi da rana, da sabuwar daraktar ta gayyaci masu kallo su zo su yi mata tambayoyi. Bodil ta sa rigarta ta zuwa coci, ta zauna a kujerun ƙasa karo na farko a rayuwarta, tana jin taushinsu kamar cin amana. Solvej ta fito cikin baƙin wando da tabarau, ta zauna a bakin dandamali. Daga kusa ta fi yadda Bodil ta zata ƙanƙanta, muryarta kuma irin ta mutumin da ya saba a yi abin da ya ce.

Da aka miƙa wa Bodil abin magana ta tashi ta faɗi sunanta. Ta ce shekaru masu yawa an zalunci wata baiwar Allah a gidan nan kowa na gani, yanzu kuma mai hakkin ce ke riƙe da mabuɗi. Ta roƙe ta, da sunan benen sama, ta fito ta yi gwauruwa ko sau ɗaya, don a wanke wannan abin kunya.

Solvej ta yi murmushi. Ta ce ta san Fru Thygesen, wato Uwargida Thygesen, wa bai san ta ba, kuma tana godiya da furannin, har waɗanda makaɗa suka tafi da su gida. Mutane suka yi dariya, Bodil ma ta ɗan murmusa.

"Amma Fru Thygesen, bari in faɗa miki gaskiya. Da ni ce darakta a lokacin, ni ma ba zan ba kaina ba. Ni 'yar gajeriyar rawa ce. Gwauruwa kuwa sai mai dogon numfashi, ga ta nan zaune," ta nuna Mikkeline. "Ba wanda ya zalunce ni. Mista Ravnholt ya san aikinsa."

Aka tafa. Bodil ba ta san lokacin da ta zauna ba. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne Ejvind, wanda ta san yana bayanta, da gyaran muryar nan ɗaya tak da ya yi.

Ta yi hunturun nan a gida. Ta gaya wa 'ya'yanta gwiwa ce, 'yarta ta ji daɗi ta sa ta a ajin ninkaya na tsofaffi, ta je sau biyu ta dawo tana cewa malamar ba ta san yadda ake miƙa hannu ba. Ranakun Lahadi suka yi mata tsawo. Ta kan zauna bakin taga tana kallon masu keke suna wucewa cikin dusar ƙanƙara, tana sake shirya amsar da ya kamata ta bayar a wurin taron, amsa mai kaifi wadda da ta rufe bakin kowa. Ejvind kuma ya ɗauki al'adar kiranta duk Litinin da safe, wai gaisuwa, daga nan ya zayyana mata abin da aka yi jiya. Da gangan yake faɗin komai a karkace, ya yabi wanda bai cancanta ba, ya manta sunan wanda ya yi ƙoƙari, har ta gane cewa muddin tana gida to ra'ayin Ejvind ne ke yawo a benen ba mai taka masa burki. Wannan ne ta kasa jurewa.

Da furanni suka fara fitowa a lambuna ta koma. Ta hau matakalar tana hutawa a kowane bene. Ejvind ya ɗauke rigarsa daga kujerarta ba tare da ya dube ta ba, kamar jiya suka rabu. A hannun hagunta wani tsoho ne zaune da hular ulu har kunne, yana ta tsaki tun kafin a kashe fitilu. Ejvind ya raɗa mata cewa baƙo ne, tun tsakiyar hunturu yake zuwa, ba ya kula kowa.

Ranar an yi sa'a, wasan mai makaɗa da takalma ne. Amma tsohon bai bar ta ta kalla ba. Yarinyar farko ta fito, ya ce a ƙasan maƙoshi kafaɗarta ta hau. Saurayin ya yi tsalle, ya ce wannan saukar ta buhun gawayi ce. Bodil ta juyo za ta ce masa ya yi shiru, sai ta ga duk abin da ya faɗa shi ne a bakinta, ya riga ta ne kawai. Da aka kunna fitilun hutu ya cire hular ya share sanƙonsa. Aksel Ravnholt ne.

Ta yi niyyar tashi, gwiwa ta ƙi ba ta haɗin kai da sauri. Shi ya fara magana.

"Fru Thygesen. Na gane ki da hannu a harɗe."

"Mista Ravnholt. Ban san kana iya hawa matakala ba."

Ya ce matarsa ce ta kore shi daga gida, ta gaji da jin sa yana gyara wa masu rawa a talabijin. Kujerar alfarma da aka ba shi a ƙasa kuwa ba ya iya zama a kai, don a can dole mutum ya yi murmushi. Ya ce bai taɓa sanin ana ganin layuka da kyau haka daga sama ba, da ya sani da ya kori mutum uku tun tuni. Bodil ba ta so ba, amma hannunta ya riga ya buɗe ƙunshin burodin, kuma ba tarbiyyarta ba ce ta ci a gaban mutum. Ta miƙa masa, ya karɓa. Ejvind ya zuba masa gahawa a murfin filas yana hararar dandamali, inda yanzu babu ko zanen tekun.

Sai da ya cinye sannan ta ce, tana kallon wani wuri, ai ya ji an wanke shi a gaban jama'a, sai ya je ya yi ta murna.

"Wace wankewa? Maganar numfashi? Shirme ne. Solvej ba ta taɓa sanin kanta ba, shi ya sa ta yi kyau a dandamali. Da ta yi gwauruwar da ba a taɓa gani ba a gidan nan. Mikkeline ƙafa gare ta, ita kuwa wannan hannuwa."

Bodil ta ajiye burodin da ke hannunta. Maganar da ta yi rabin rayuwarta tana faɗa ke nan, yau ga ta daga bakin da ba ta taɓa zato ba. Ta juya ta dubi Ejvind don ta tabbata ya ji. Sannan ta tambayi Ravnholt, to me ya hana shi ba ta.

"Ku mana."

"Mu?"

"Ba sau ɗaya na yanke shawarar ba ta ba. Sai in zo in tarar kuna buga ƙafa kamar dawaki, kuna yi wa Mikkeline tari. In na ba ta washegari, me za a ce? A ce benen sama ke rabon rawa. Daga nan ba mai sake jin maganata, har mai share dandamali. Na yi ta jira ku yi shiru ko na shekara ɗaya. Da kuka tashi yin shirun kuma, kin ga irin wanda kuka yi."

Bai faɗa da nadama ba, ya faɗa ne kamar mai karanta wa yaro laifinsa. Bodil ta ce wannan borin kunya ne, namijin da ke tsoron tafin tsofaffi bai kamata a ba shi ko ragamar kantin burodi ba. Ya ce ita kuma da ta san bale rabin yadda ta san hayaniya da yanzu hoton Solvej na rataye a bangon zauren ƙasa cikin na taurari. Ejvind ya sa baki ya ce duk su biyun sun ɓata, ai ita mai abin ta faɗa da bakinta ba za ta iya ba. Suka juyo masa tare suka ce Solvej ba ta san abin da take faɗa ba. Ƙararrawar komawa ce ta raba su.

Bodil ta kwana biyu maganar na cin ta. Wani lokaci ta ji daɗi an tabbatar idonta bai yi ƙarya ba, wani lokaci ta tuna sauran maganar ta ji abinci ya fita ranta. A ƙarshe ta yanke cewa rabin farko na zancen Ravnholt gaskiya ne, rabin na biyu kuma ƙarya ce irin ta wanda aka kora, ta samu barci.

Solvej Brask dai tana nan kan kujerarta, gidan na cika fiye da dā, jaridu na yabonta. Ba ta taɓa yin gwauruwa ba. Ravnholt ya sayi kujerar hagun ta shekara guda, Bodil ta koma yanka burodi na mutum uku. Ɗaliban da ke zama a bayansu sun saba da su, har sukan matso lokacin hutu su saurara. In aka yi wani abin da bai yi mata ba, takan juya ta gaya musu cewa su yara ne, ba su ga gidan nan lokacin da yake gida ba, zamanin da ake da darakta mai ido. Wata yarinya ta taɓa tambayarta wane ne shi, kuma me ya sa ya tafi. Bodil ta ce siyasar hukuma ce, dogon labari ne, ta miƙa wa Ravnholt cuku.